Albasa Tana Ƙetare Iyaka, Jam'iyya Fa?

A watan Agustan 2023 na je gaida kawuna a Aliero, na tarar da shi tsugune a bakin rudu yana zaɓen albasa, lafiyayya gefe guda, wadda ta fara ruwa gefe guda. Damina ta kankama, ita kuwa albasa ba ta shiri da laima. Da ma ya shirya loda mota ya bi ta Jega da Kalgo da Bunza ya fita Kamba, ya ƙetara Gaya inda yake da abokin ciniki na shekara da shekaru. Sai ga labari a rediyo: shugabannin ECOWAS sun zauna a Abuja ranar 30 ga Yuli, kwana huɗu bayan sojoji sun tsare Shugaba Bazoum, sun rufe iyaka da Nijar, sun ba da wa'adin mako guda ko a yi amfani da ƙarfi. Kafin makon ya cika an datse wutar da ke tafiya Yamai ta layin Birnin Kebbi.

"Kai da kay yi boko," ya ce da ni bai ko ɗago kai ba, "gaya mini, wa munka zaɓa cikin waɗanga da sunka rufe muna hanya?"

Na ce, "Kawu, ai Tinubu ne shugabansu, shi kuwa ƙuri'a ta kawo shi."

Ya wurgar da wata ruɓaɓɓiya. "An zaɓe shi shi riƙa Najeriya. Wa yaz zaɓe shi shi rufe Kamba?"

Ranar dai shiru na yi. Da na yi tunani da na gaya masa ECOWAS tana da majalisar dokoki, kuma a takarda ita ce bakin talaka irinsa. A 1994 aka sa hannu kan yarjejeniyar kafa ta, ta fara zama a Bamako a Nuwamban 2000, mazauninta Abuja. Kujeru 115 aka yanka mata: kowace ƙasa biyar, ragowar a raba gwargwadon yawan jama'a, Najeriya ta tashi da 35, Ghana 8, Kwaddibuwa 7, Nijar 6. Mahamane Ousmane, mutumin Damagaram, ya shugabance ta daga 2006 zuwa 2011, Ike Ekweremadu ya gaje shi, tun 2024 kuma Memounatou Ibrahima ta Togo ke riƙe da ita, Sanata Barau Jibrin na mataimakinta na ɗaya. Sai dai babu mutum ɗaya a Jega ko Maiyama ko Aliero da ya taɓa dangwala yatsa don tura wani can. Majalisar Dattawa da ta Wakilai ne ke tsamo wakilan daga cikinsu. Takardun sun yi alkawarin wata rana jama'a za su zaɓa da kansu, suka kira tsarin yanzu na wucin gadi, ga wucin gadin nan ya haura shekara 20.

Ranar da alkawarin ya cika, a ƙarƙashin wace tuta ɗan takara zai tsaya? Tsintsiya da lema da muka saba, ko kuwa wata jam'iyya mai reshe a Birnin Kebbi da Kwatano da Akara da Dakar, mai manufa ɗaya da alama ɗaya? Na daɗe ina juya wannan tambaya, kuma kowane ɓangare yana da abin faɗa.

Masu son jam'iyyar da ta ƙetare iyaka sukan fara nuna Turai. Tun 1979 ake zaɓen Majalisar Tarayyar Turai kai tsaye, kujeru 720 aka cike a Yunin 2024. Bajamushe yana jefa wa jam'iyyar ƙasarsu, Bafaranshe ma haka, amma jam'iyyun da ra'ayinsu ya zo ɗaya sun shiga inuwa guda. Mafi girma ita ce EPP, wadda aka kafa a 1976, gamayyarta ta samu kujeru 188. In an shiga zauren, ɗan majalisa ba ya neman ɗan ƙasarsu ya zauna kusa da shi, abokin ra'ayinsa yake nema. Mai kare ma'aikata daga Sifen da mai kare ma'aikata daga Suwidin layinsu ɗaya, hannunsu yana tashi tare.

Wanda ya ce wannan abin Turawa ne, bai dace da mu ba, tarihin maƙwabta ya ƙaryata shi. A Oktoban 1946 aka kafa RDA a Bamako ƙarƙashin Félix Houphouët-Boigny, jam'iyya ɗaya mai rassa a ƙasashen da Faransa ke mulka. Reshenta na Nijar shi ne PPN ta Diori Hamani da Boubou Hama, na Gini shi ne PDG wanda Sékou Touré ya riƙe daga baya. Suna takarar kujerun majalisar dokokin Faransa a Paris, suna kuma zama a babbar majalisar yankin da ke Dakar, inda kowace ƙasa ke tura mutum biyar daga cikin 'yan majalisarta, kusan irin tsarin da ECOWAS ke kai yau. Mu nan kusa, kalmar Sawaba ma ta isa shaida. NEPU da aka kafa a Kano ranar 8 ga Agustan 1950 sawaba take nema, jam'iyyar Djibo Bakary a Nijar ma Sawaba ta sa wa kanta. Da aka haramta ta a 1959, da yawa daga mutanenta Kano suka nufa, 'yan NEPU suka sauke su, ita kuwa gwamnatin NPC ta fi kusa da Diori. Ke nan tun wancan lokaci talakan Maraɗi ya san wane ne nasa a Kano, mai mulki ma ya san nasa, ba tare da wata yarjejeniya ba. Dubi ma sunayen da jam'iyyun Nijar suka ɗauka daga baya: Tarayya, Nassara, Rahama, Lumana. Ba sai an yi wa mutumin Jega tafinta ba.

Hujjar da ta fi kama ni ita ce ta kasuwa. Lokacin da Shugaba Buhari ya rufe iyakoki daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, manomin shinkafa a fadamar Jega murna ya yi, don shinkafar waje ta ja baya, tasa ta yi daraja. Maƙwabcinsa mai safarar albasa da hatsi kuka ya yi. Gari ɗaya, masallaci ɗaya, watakila jam'iyya ɗaya, amma a kan maganar iyaka hannun riga suke. Mai safarar nan ya fi kusa da direban tirela na Malanbil da dillalin Gaya fiye da yadda yake kusa da manomin shinkafar da suke sahu ɗaya. Majalisar da aikinta ya shafi iyaka da kwastan da zirga-zirga da kuɗin bai ɗaya, rabuwar kai a cikinta ta wannan layin ya kamata ta bi: masu son a buɗe da masu son a kare na gida. APC da PDP kowace tana ɗauke da duka biyun a cikinta, shi ya sa babu wadda ke iya fitowa ta faɗi matsayinta.

Abin da ya faru a 2023 ya nuna giɓin ƙarara. Su wa suka taka wa yaƙi birki? Sanatocin Arewa da suka tuna wa Abuja cewa jihohi bakwai, daga Kebbi har Borno, bango ɗaya suke da Nijar. Majalisar Dattawa da ta ce a bi hanyar sulhu ranar 5 ga Agusta. Sai malamai ƙarƙashin Sheikh Bala Lau da suka je Yamai suka zauna da shugaban sojojin, Janar Tiani, bayan tawagar farko ta ECOWAS ta dawo ba ta gan shi ba. Ita majalisar ECOWAS sai ranar 12 ga wata ta yi taro ta intanet, kai ya rabu, alhali tun ranar 10 shugabanni sun riga sun ba da umarnin a ɗaura wa rundunar ko-ta-kwana ɗamara. Da akwai jam'iyyar da wakilin Kebbi da na Dosso da na arewacin Binin suke cikinta tare, kowa da ƙuri'ar mutanensa a bayansa, da an ji murya ɗaya daga ƙasashe uku tun kafin a rufe ƙofa.

Akwai kuma maganar tsoro. Fiye da rabin mutanen ECOWAS 'yan Najeriya ne. Muddin kowa da tutar ƙasarsu zai shiga zaure, kowace muhawara za ta koma Najeriya da sauran, ko masu Ingilishi da masu Faransanci. An ga irinta a Majalisar Dokokin Afirka da ke Midrand a 2021, inda gardama kan yankin da zai fitar da shugaba ta kai ga cacar baki da kokawar akwatin zaɓe, aka tashi baram-baram.

To, ga ɗaya gefen. Shi kuma a teburin mai shayi na ji shi, a Jega, daga bakin wani tsohon hedimastana mutumin Maiyama, wanda ya bari na gama zuba sannan ya ajiye kofi.

"Yaro, ka riga malam masallaci," ya ce. "Jam'iyyar da ke nan gida, mi ta yi imani da shi, balle ka aura mata miji a Dakar?"

Na ce, "Allah shi gafarta Malam, ai ko'ina da haka aka fara."

Ya ce a'a. A Turai ra'ayi ne ya haɗa su, don akwai ra'ayin. Mu kuwa jam'iyya motar haya ce, in ta lalace a hanya a sauka a tare wata. Ba sai an je nesa ba: a watan Mayun 2025 sanatocin Kebbi uku, Adamu Aliero da Yahaya Abdullahi da Garba Maidoki, rana ɗaya suka bar PDP suka koma APC. Ba laifinsu nake gani ba, haka kasuwar take ci a duk faɗin ƙasar. Amma in reshen gida kan iya kwashe kayansa cikin dare, uwar jam'iyya da ke Akara da wa ta ƙulla?

Malam ya san doka kuma. Kundin tsarin mulkin 1999 bai bar wa wannan mafarki ƙofa ba. Sashe na 222 ya ce sai jam'iyya ta yi rajista da hukumar zaɓe, hedikwatarta a Abuja, kuma sunanta ko alamarta kada su ɗauki launin ƙabila ko addini. Sashe na 225 ya hana ta mallakar dukiya a waje, in ma an aiko mata da kuɗi daga ƙetare sai ta miƙa wa hukumar cikin kwana 21. Waɗanda suka rubuta haka ba su yi wauta ba. Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. A yankin da Faransa da Rasha da Turkiyya da Sin da ƙasashen Larabawa kowa ke neman wurin sa ƙafa, jam'iyya mai asusu a ƙasa goma sha biyu wace INEC ce za ta bi sawun kuɗinta? Ɗan garinmu Farfesa Attahiru Jega ya sha fama kafin na'urar tantance masu zaɓe ta zauna a 2015, a ƙasa ɗaya ke nan mai doka ɗaya. Ko zuwan gwamnonin Maraɗi da Damagaram taron kamfen ɗin Buhari a Kano a Janairun 2019 sai da ya tayar da ƙura, 'yan adawa suka ce katsalandan ne. Ziyarar yini ɗaya ke nan.

Tarihin da na yi tinƙaho da shi ma, Malam ya juya mini shi. RDA ta kai labari har zuwa ranar da aka zo rabon gado. A ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumban 1958, Houphouët ya ce a zauna da Faransa, Sékou Touré ya ce a'a, jam'iyya ɗaya ta ba da amsa biyu. Bayan 'yanci yawancin rassan suka zama jam'iyyun gwamnati a ƙasashensu, suka rufe ƙofa. PAIGC ta Amilcar Cabral ita ce ta fi kowa nisa, don ta mulki ƙasa biyu lokaci guda, Gini Bisau da Kef Bad. Juyin mulkin Nino Vieira na Nuwamban 1980 ya raba auren, a 1981 reshen tsibiri ya sauya suna. Ita Sawaba, zumuncinta na ƙetare shi aka riƙe hujja a kanta, aka kira ta 'yar koren baƙi, mutanenta suka ƙare a kurkuku da gudun hijira, wasu aka harbe su a bainar jama'a a 1964. Maƙiyi ɗaya ne ke riƙe irin wannan tafiya, in ya kau kowa sai ya tuna da gidansu.

Turan ma ba yadda ake zuzuta ta take ba. Kashi 62 cikin ɗari suka fito zaɓen 1979, a 2014 abin ya faɗo ƙasa da 43, a 2024 ya tsaya wajen 51. Yawancin masu zaɓe gwamnatin gida suke hukuntawa ko saka wa, da yawa ba su ma san sunan babbar inuwar da ƙuri'arsu ta faɗa ba. A 2014 aka ce wanda gamayyarsa ta zo ta ɗaya shi zai shugabanci hukumar tarayyar, aka ba Jean-Claude Juncker. A 2019 EPP ta sake zuwa ta ɗaya da Manfred Weber, shugabannin ƙasashe suka shiga ɗaki suka fito da Ursula von der Leyen, wadda ba ta yi takarar ba. Volt, da aka kafa a 2017 da suna ɗaya da manufa ɗaya a duk nahiyar, kujeru biyar ta samu cikin 720. Shawarar ware kujeru 28 da duk Turai za ta zaɓa a jeri guda, wadda majalisar ta amince da ita a 2022, gwamnatoci sun danne ta. Masu kuɗi da hanyoyi da wutar lantarki ke nan.

Akwai abin da Malam bai faɗa ba, ni kuma shi ya fi hana ni barci. Mene ne a yau yake ƙetare iyakarmu da ƙafarsa, yana da rassa da shugabanni da mabiya masu jin kira? Ɗariƙa da Izala, sai ƙabila. Mutanenmu suna cika motoci zuwa Maulidin Kiyota a jihar Dosso, wa'azin ƙasa da ƙasa yana tara jama'a daga ƙasashe da dama, makiyayi yana da dangi daga nan har Masina. Duk ɗan siyasar da aka ce ya nemo ƙuri'a a ƙasa biyar, ba zai tsaya rubuta manufa kan harajin kwastan ba, waɗannan jiragen da ya tarar a bakin gulbi su zai hau. Ranar da aka wayi gari da jam'iyyar Musulmin Sahel da ta Kiristocin gaɓar teku, an yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Sai lissafi. Masu rajistar zaɓe a Najeriya sun haura miliyan 93 a 2023. Raba su 35, kowace kujera ta ɗauki sama da mutum miliyan biyu da rabi, jihohi 36 ba za su samu ko ɗaya-ɗaya ba, alhali Kef Bad mai mutum wajen rabin miliyan tana da biyar. Mutumin Andarai ko Sambawa da ke shekara bai ga ɗan majalisar tarayyarsa ba, yaushe zai ga wannan? Uwa uba, maƙwabcin da muke wannan magana dominsa ya tashi. Nijar da Mali da Burkina Faso sun kammala ficewa ranar 29 ga Janairun 2025, kujeru 18 suka bi su. A Maris na shekarar aka rusa jam'iyyun siyasa a Nijar, a Mayu Mali ta bi sahu. Yau ko an kafa jam'iyyar, ba ta da inda za ta kafa tuta a Gaya.

Na auna duka biyun, kuma ban koma inda na fara ba. Malam ya yi gaskiya cewa ba a ƙera irin wannan jam'iyya da takardar doka, kuma wanda ya buɗe wa kuɗin waje ƙofa yanzu ya jawo mana bala'i. Inda na rabu da shi shi ne cewa a bar maganar baki ɗaya. Su kansu Turawa shekara 27 suka yi, daga 1952 zuwa 1979, suna tura wakilai daga majalisun gida kamar yadda muke yi. Abin da suka yi da wuri shi ne tun 1953 wakilan suka fara haɗa gungu bisa ra'ayi a cikin zauren, jam'iyyun suka tsiro daga nan bayan shekara ashirin da wani abu. Gungun ne ya haifi jam'iyya, iko kuma shi ya sa mutane suka damu da gungun. Majalisar da ba ta iya hana komai, ko mala'iku aka zaɓa mata babu mai tashi daga gona ya bi layi dominta. An ƙara wa tamu ƙarfi a 2016, har tana sa baki a kasafin kuɗi, amma magana ta ƙarshe tana hannun shugabanni.

Saboda haka ni a ganina a fara da iko, kuma a fara da abin da ya taɓa kawuna: kada a ƙara rufe iyakar wata ƙasa ko a yanke mata wuta da sunan ECOWAS sai majalisar ta zauna an kaɗa ƙuri'a a fili, kowa a ji sunansa. Harajin rabin kashi ɗaya cikin ɗari da ake karɓa kan kayan da ke shigowa daga wajen yankin, wanda da shi ake tafiyar da ƙungiyar kuma a kan mai saye yake ƙarewa, shi ma majalisar ta riƙe linzaminsa. Daga nan a yi zaɓen kai tsaye rana ɗaya da na 'yan majalisar tarayya don a rage kashe kuɗi, da jam'iyyun gida, amma kowane ɗan takara ya faɗa tun a dandalin kamfen da wane gungu zai zauna in ya je, a buga alamar gungun kusa da ta jam'iyyarsa. Manufa ta ƙetare iyaka, kuɗi ya tsaya gida, sashe na 225 ya zauna daram. Gungun da bai tara wakilai daga ƙasashe da dama ba, na gaɓa da na tudu, kada a yi masa rajista. In an yi shekara goma a haka aka ga masu son buɗe iyaka sun san junansu, masu son kare manomi sun san junansu, jam'iyyar za ta zo da ƙafarta, a lokacin sai a yi maganar gyaran kundi.

An ɗage wa Nijar takunkumi ranar 24 ga Fabrairun 2024, iyaka ta buɗe a watan Maris. Kafin nan kawuna ya karyar da abin da ya tsira a kasuwar gida, har sabuwar albasa ta shigo. Babu wanda ya tambaye shi ranar rufewa, babu wanda ya tambaye shi ranar buɗewa.

Masu neman kujerar Aliero da Gwandu da Jega, da ta Maiyama da Koko/Besse, da ta sanatan Kebbi ta Tsakiya, za su dawo neman ƙuri'a. In sun zo, bayan maganar taki da hanya da tsaro, a tambaye su: cikin mutum 35 da Najeriya ke turawa majalisar ECOWAS, wa ke magana da yawun Kebbi, me ya ce ranar da aka rufe Kamba, kuma ku in kun je, za ku goyi bayan a bar mu mu zaɓe shi da hannunmu?